Ranar da Malami Bai Rubuta Komai a Allo Ba

Uwargida, idan ɗiyarki ta dawo daga makaranta ta ce miki yau malamin Hausa bai ba su rubutu ba, surutu kawai suka yi a kan wani littafi, kada ki yi saurin cewa kuɗin makaranta ya tafi a banza. Fara tambayarta surutun me suka yi.

Ɗauki Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da aka samu bayan gasar rubutun 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Abubakar da Zainab suna son juna. Malam Shehu, mai dukiya amma bai samu haihuwa ba, ya shigo ya aure ta. Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa. Ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa. Wannan kowane yaro zai iya haddacewa a dare ɗaya.

To amma malami ya dubi aji ya ce, "Laifin wa ne?" Nan za ki ga ido ya buɗe. Wani zai ce Malam Shehu, da ya nuna ƙarfin aljihu. Wata ta ce a'a, ita Zainab fa? Na bayan aji ya ce Abubakar ya fi kowa, don ya huce haushinsa a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai malami ya yi tambayar da ita ce ƙashin bayan darasin: "A wane shafi ka gani?" Dole kowa ya koma ya buɗe littafi. Wadda ta ɗora wa Zainab laifi, tana neman hujja sai ta tsaya tana auna iya ikon da budurwa take da shi a kan aurenta a wancan zamani. Ƙila ta sauya ra'ayi, ƙila ta ƙara kafewa, amma yanzu ta san dalilinta. Jigo da halayen taurari da ake tambaya a WAEC da NECO, a irin wannan ja-in-ja suke zama a kai.

Mu a asibiti mun san wannan. Idan masu aikin dare suna miƙa wa na safe, wata za ta ce maras lafiya ya ƙi cin abinci, wata ta ce ai tun da aka sauya masa magani ne. Kowa da guntun abin da ta lura, sai an haɗa ake gane ciwon.

Abin da ke damuna shi ne 'ya'yanmu mata. Mun yi musu tarbiyyar kunya, kuma abu ne mai kyau, sai dai da yawa sun ɗauka ɗaga hannu a aji ma rashin kunya ne. Ga cunkoso: a ajin da yara suka yi maƙil, masu baki huɗu ko biyar ne ke cinye lokacin, sauran su zama 'yan kallo. Malamin da ya san aikinsa yakan kasa su rukuni-rukuni don kowa ya samu faɗa. Wanda bai yi haka ba, ki yi masa maganar cikin mutunci a taron iyaye da malamai.

A gida kuma ke kanki gwana ce, ko ba ki sani ba. Sau nawa kika yi musu da maƙwabciya a kan wata kishiya a littafin da kuke bi a WhatsApp, ko wanda ake karantawa a rediyo? Ki yi irinsa da ɗiyarki. Kuna tsintar shinkafa, ki ce ta ba ki labarin babin da suka karanta. Kada ki gyara mata, ko da kin ga ta kauce. Ki ce, "Da ke ce Zainab, ya za ki yi?" Idan ta amsa, ki ɗauki ɓangaren da ta ƙi da gangan, ki sa ta ɗauko littafin daga jaka ta nuna miki wurin.