Nicodemus: Shin Garin Mutum 14 Ya Mutu?

'Yan'uwana ɗalibai, a tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Kansas. Yawancinta fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa ce iyakar ganinka, itatuwa sai a bakin rafi. A arewa maso yammacin wannan jiha, cikin gundumar Graham, akwai wani ɗan gari mai suna Nicodemus. Da aka yi ƙidayar jama'a a shekarar 2020, mutum 14 kaɗai aka samu a cikinsa. Wato ko rabin ajinmu ba su kai ba. Wanda ya ji wannan adadi zai ce ai wannan kufai ne, a bar shi iska ta cinye. Ni kuwa ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Bari mu fara da asalinsa. An hana bauta a Amurka a 1865, amma bawan da aka 'yanta ba a ba shi ko taƙi ɗaya na gona ba. Da yawa suka ci gaba da noma ƙasar iyayengijinsu na dā, in kaka ta yi a raba amfani, su tashi da bashi. Sai dai tun 1862 akwai wata doka da ta ce duk wanda ya je ƙasashen yamma ya zauna a kan eka 160, ya noma ta har shekara biyar, ta zama tasa. A 1877 wani Bature mai harkar filaye, W. R. Hill, da wani limamin coci baƙar fata, W. H. Smith, tare da wasu abokansu, suka kafa kamfanin gina gari a kusa da kogin Solomon. Suka shiga coci-coci a jihar Kentucky suna yi wa mutane albishir da ƙasa mai albarka.

Garin daɗi ba kusa ba, in ji Hausawa. A watan Satumba na wannan shekara ayari na mutum wajen 300 ya taso daga Lexington. Da suka iso, ba su ga gida ba, ba su ga kasuwa ba, sai hayaƙi yana fitowa daga ƙasa. Ashe waɗanda suka riga su zuwa ramuka suka haƙa suna kwana a ciki, don babu katakon yin gini. Ga shi lokacin shuka ya wuce, ga hunturu mai ƙanƙara yana tafe. Wasu ko kaya ba su kwance ba suka juya, kuma ni ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka tsaya sun sha wuya ƙwarai. Jikokinsu suna ba da labarin cewa 'yan asalin ƙasar, mutanen Osage, da suka biyo ta nan daga farauta, su suka raba musu nama a wancan hunturu. Abin mamaki, mutanen da aka riga aka raba da ƙasarsu su ne suka ciyar da baƙin da aka ba ƙasa.

Cikin shekara goma, sai ga ramuka sun zama gidajen dutse. Aka sami coci-coci, da makaranta, da kantuna, da masauki, da banki, da jaridu har guda biyu. Ɗaya daga cikin mazauna garin, Edward McCabe, an zaɓe shi mai binciken kuɗin jihar Kansas baki ɗaya a 1882. Ka duba fa, shekara 17 kacal bayan hana bauta.

To, me ya karya garin? Nan ne nake so mai karatu ya natsu. Ba lalaci ba ne, ba kuwa rashin dabara ba. Jirgin ƙasa ne. A wancan zamani manomin da ba shi da tasha kusa, alkamarsa da masararsa ba su da hanyar zuwa kasuwa. Mutanen Nicodemus sun san haka sarai. A 1887 suka jefa ƙuri'a suka yarda su ɗauki bashin dala 16,000 don su jawo wani kamfanin jirgi ya biyo ta garinsu, bai zo ba. A 1888 kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa dogonsa, amma ta kudancin kogin, aka kafa sabon gari mai suna Bogue, nisan 'yan mil kaɗan. Nan da nan 'yan kasuwa suka kwashe kayansu suka haye kogi. Wasu mutane da ke zaune a ofis mai nisa suka ja layi a kan taswira, wannan layi kuwa ya yanke wa garin hukunci.

Duk da haka manoma ba su tashi ba. A ƙidayar 1910 baƙar fata a gundumar Graham sun kusa 600. Abin da ya ƙarasa shi ne fari da guguwar ƙura na shekarun 1930, da karyewar tattalin arziki, aka rasa gonaki saboda bashi. Daga baya injin noma ya zo, mutum ɗaya ya iya aikin mutum goma, samari suka nufi birane neman aiki. A 1935 saura mutum 76 a garin, a 1950 saura 16. A 1953 aka rufe gidan waya.

Na san abin da wani zai ce: ai garuruwa irin wannan barjat a filayen Amurka, duk sun bushe, me ya sa za a ware wannan a kashe masa kuɗi? Gaskiya ne, ba Nicodemus kaɗai ba ne, kuma babu wata dabara da za ta mayar masa da mutum ɗaruruwa. Wanda ya yi wannan alkawari ƙarya yake yi. Amma daga cikin garuruwan da 'yantattun bayi suka kafa a yammacin kogin Mississippi a wancan lokaci, shi ne mafi daɗewa da ya rage. In ya shafe, da me za a nuna wa yaro cewa kakanninsa ba su tsaya jiran sadaka ba? Shi ya sa nake ganin majalisar ƙasar ta yi daidai da ta mai da shi wurin tarihi na ƙasa a 1996, aka sa gine-gine biyar cikin kariya: coci biyu, da makarantar, da tsohon masaukin St. Francis, da zauren taron gari da aka gina a 1939.

Sannan ita kanta ƙidayar nan, me take ƙirgawa? Wanda ke kwana a gari kullum take ƙirgawa, ba ta san wanda garin ke kwana a zuciyarsa ba. Tun 1878 mutanen Nicodemus suke bikin tunawa da 'yanci kowace shekara. Yanzu ana yinsa a ƙarshen makon ƙarshe na watan Yuli, sai ka ga ɗaruruwan jikoki sun cika garin daga jihohi masu nisa, a yi fareti, a ci abinci, a ziyarci kaburburan kakanni. Wasu iyalai har yau suna riƙe da gonakin da aka samu tun zamanin ramuka, sun ƙi sayarwa, ko da yake ba a nan suke zaune ba. Ma'aikacin ƙidaya kuwa ranar 1 ga Afrilu yake lissafinsa. Da zai zo a ƙarshen Yuli, da takardarsa ba ta ishe shi ba.