Kada Ku Sayar Wa Yaro Da Taba, Ko Da Aiko Shi Aka Yi



'Yan uwa masu daraja na Magarya da Dungas, akwai amanar da muke sakaci da ita a bakin tebur da cikin shago, wato karan taba da ake miƙa wa yaro.

Jamhuriyar Nijar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yaƙi da taba a shekarar 2005, sashe na 16 na yarjejeniyar kuwa ya shafi sayar wa ƙananan yara da taba da kuma sa su tallarta. A ranar 15 ga watan Mayu 2006 aka kafa doka mai lamba 2006-12, wadda ta hana sayar wa yara taba. Maƙwabtanmu na Najeriya, waɗanda muke cin kasuwar Maigatari da Babura tare da su, dokarsu ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Hikimar a fili take: yaro ba ya iya sayen kwali, amma kuɗin kara ɗaya bai gagare shi ba, daga nan sabo ke kama shi. Taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara a duniya, galibin mashayanta kuwa tun suna matasa suka soma.

Jandarma ba zai tsaya a kan kowane tebur ba, don haka nauyin ya dawo kanmu. Allah Maɗaukakin Sarki ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa za a tambayi kowa game da waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa.

Mai tebur zai ce, idan ban sayar ba wani zai sayar. Laifin wani ba ya halatta naka. Zai ce babansa ne ya aiko shi. To, uban ya zo da ƙafarsa. Kai kuma uba, yaron da ka aika sayen taba ka nuna masa shagon da farashinta, ka kuma cire masa kunyarta.

Muna roƙon limamai su yi huɗuba a kan wannan, masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa su haɗa baki a daina sayar wa yara, musamman a kusa da makarantun boko da na allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sanya albarka a kasuwancinmu. Amin.