Tifa ɗaya ta tsakuwa, sai kowa ya ja bakinsa

Jihar Oklahoma ta Amurka tana da gundumomi 77, kowace da kwamishinoni uku da jama'a ke zaɓa. A farkon shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta bi sawun kuɗin hanya a jihar, kuma kafin ƙura ta lafa an samu sama da mutum 200 da laifi, kwamishinoni masu ci da tsofaffi da 'yan kasuwar da ke kawo musu kaya, daga gundumomi kusan 60. A kan me? Tsakuwa, katakon gada, bututun kwalbati, kayan gyaran gireda. Abin kunyar ke nan. Babu rijiyar mai a cikin maganar, babu kwangilar makamai. Kayan da manomi ke bukata don ya fitar da alkamarsa zuwa kasuwa su ne aka yi shekaru ana wawura.

Dabarar ba ta da wani zurfi. Kowane kwamishina yana da yankinsa, da kasonsa na kuɗin hanya, da garejinsa, da leburorinsa. Shi zai ce ana bukatar kaya, shi zai zaɓi mai kawowa, shi zai sa hannu cewa kaya sun iso, sannan ya zauna da sauran biyun su amince a biya. Su kuwa ba za su ɗaga masa gira ba, domin gobe tasu takardar ce za ta zo teburin. In an kawo kaya da gaske, kwamishina yana da kashi 10 cikin 100. In kuwa takarda ce kawai aka rubuta ba tare da an sauke ko tsinke ba, sai a raba kuɗin biyu tsakaninsa da ɗan kasuwa. Wata mai sayar da katako, Dorothy Griffin, tana cikin waɗanda suka daɗe suna rubuta irin waɗannan rasit na bogi, kuma da hukumar haraji ta ritsa da ita, sai ta yarda ta naɗi muryoyin abokan cinikinta. Daga nan zaren ya warware.

Duk wanda ya tsara a bar mutum ɗaya ya zama mai oda, mai karɓa, mai biya, ba shi da bakin cewa ya yi mamaki. Majalisar jihar ta san da tsarin tun tuni, sai da asiri ya tonu sannan ta yi dokar raba waɗannan ayyuka a hannun mutane daban-daban. Kuma kada a raina kujerar: Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na tsawon hanyoyin ƙasar a hannunsu yake. Su ne kuma ke cewa wannan gona ta zama unguwa, wancan fili ya zama rukunin shaguna. Sa hannu ɗaya na iya ninka darajar fili sau da yawa cikin dare, shi ya sa masu gine-gine ba sa nisa da ofisoshin nan. A Nuwamban 2010 jami'an hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, suna sauraron waya suka ji shugaban gundumar Prince George's ta jihar Maryland, Jack Johnson, yana umartar matarsa ta yaga cekin dala 100,000 na wani mai gine-gine ta kora a masai, ta cusa tsabar kuɗi dala 79,600 cikin kayan jikinta. Matar nan fa a lokacin ba ta daɗe da cin zaɓen majalisar gundumar ba. Shi ya samu ɗaurin wata 87.

Wanda ke ganin wannan ƙaramar ɓarna ce da ba ta kashe kowa, ya dubi gundumar Jefferson ta jihar Alabama, inda birnin Birmingham yake. A 1996 gundumar ta amince a gaban kotu za ta gyara magudanan ƙazantarta, saboda najasa na kwarara cikin koguna irin su Cahaba. Aiki ne na dole, babu mai musu. Amma wasu daga cikin kwamishinoninta biyar da jami'ansu suka mai da shi wurin kiwo. 'Yan kwangila suka riƙa yi wa masu sa hannu hidima, farashi yana hawa, bashi ya haura dala biliyan 3. Chris McNair, kwamishinan da ke kula da sashen, mutum ne da duk garin ke girmamawa, domin 'yarsa Denise na cikin yara mata huɗu da bam ɗin masu wariyar launin fata ya kashe a wani coci a 1963. An same shi da laifin cin hanci a 2006. Girman suna bai taɓa maye gurbin duba takarda ba, amma mutane sun fi son su dogara da sunan, don ya fi sauƙi.

Da bashin ya yi nauyi, maimakon a tsaya a faɗa wa jama'a gaskiya, sai aka gayyato bankunan New York. A 2002 da 2003 aka juya kusan duk bashin zuwa nau'in da kuɗin ruwansa ke hawa da sauka, aka ɗaura masa wasu yarjejeniyoyin musayar kuɗin ruwa masu sarƙaƙiya, irin waɗanda mutum biyar da aka zaɓa don hanya da kwata ba su da hurumin yin caca da su. Shugaban kwamishinonin, Larry Langford, ya karɓi kuɗi da tufafi da agogon Rolex da suka kai kimanin dala 235,000 daga wani dillalin hada-hadar kuɗi, Bill Blount, wanda kamfaninsa ya kwashi kusan dala miliyan 7 na lada. Rikicin kuɗi na 2008 ya zo, kuɗin ruwa ya yi tsalle, gundumar ta durƙushe. An yanke wa Langford shekara 15. Bankin JPMorgan ya sasanta da hukumar kula da hannayen jari a 2009 ba tare da amsa laifi ba: ya biya dala miliyan 75, ya yafe wasu miliyan 647 da yake bin gundumar. Duk da haka a Nuwamban 2011 Jefferson ta je kotu ta ce ta kasa biyan bashin sama da dala biliyan 4, karayar da ba a taɓa ganin irinta a wata ƙaramar hukuma a Amurka ba sai da ta Detroit ta zo a 2013. Kuɗin magudana da ake cajin gidaje ya ninka wajen sau huɗu, har wasu talakawan Birmingham aka yanke musu ruwa. Agogon yana hannun mutum ɗaya, takardar biya tana zuwa kowane gida duk wata.

To amma tsawar ba ta kwamishinoni kaɗai ba ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A karkarar Oklahoma mutane sun san kwamishinansu yana rayuwar da albashinsa ba zai ɗauka ba, suka ci gaba da zaɓensa, saboda shi ne ke turo tifar tsakuwa a zuba a hanyar shiga gidan mutum, ya aiko gireda ta share masa gefen gona, ya ba da injin haƙa kabari in an yi rasuwa. Duk da kayan gwamnati. Wanda ya karɓi tifa ɗaya ba zai tashi a taro ya tambayi ina sauran tifa ɗari suka shiga ba. Ya sayar da bakinsa, kuma da araha ya sayar.

Wasu ma ba a saye su ba, lalaci ne kawai. Doka ta buɗe ƙofar zaman kwamishinoni ga kowa, ana liƙa jadawalin tun kafin ranar, amma kujerun jama'a a wofi suke, sai lauyan mai fili da wakilin ɗan kwangila. Akwai al'adar tara kwangiloli da dama a jeri ɗaya a amince da su da ƙuri'a guda ba tare da muhawara ba, sai in wani ya nemi a ware ɗaya a tattauna. Wa zai nema? Ɗan jaridar da ke zama a kujerar baya yana rubutu shi ma ya tafi, domin yau gundumomi sama da 200 a Amurka ba su da jaridar gida ko ɗaya. Mutum zai kwana yana zagin shugaban ƙasa a Facebook, amma bai san sunan mutanen da suka yanke inda hanyar unguwarsu za ta bi ba.

Mu da muka yi murna da hukuncin Kotun Ƙolin Najeriya na 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya kamata mu ji wannan da kunnen basira. Kusantar kuɗi da jama'a ba ta tsare kuɗi. Kwamishinan Oklahoma maƙwabcin masu zaɓensa ne, coci ɗaya suke zuwa.

A Amurka, jihar Misisipi ce ta nuna iyakar taurin kan masu zaɓe. Gundumominta 82 ne, kowace an yanka ta yanki biyar, kowane yanki da wakilinsa, kuma a da kowane wakili yana sarautar hanyoyin yankinsa. A tsakiyar shekarun 1980 FBI ta buɗe kamfanin bogi na sayar da bututun kwalbati, da taimakon wani fasto ɗan kasuwa, John Burgess, wanda ya gaji da neman na goro da ake yi masa. Wakilai 57 daga cikin 410 suka faɗa tarkon, a gundumomi 26. Mai binciken kuɗin jihar a lokacin, Ray Mabus, ya hau kan wannan batu har ya zama gwamna. A 1988 aka yi doka, aka tilasta wa kowace gunduma tsarin saye na bai ɗaya, sannan aka miƙa wa jama'a zaɓi a akwatin ƙuri'a: a haɗe aikin hanya duka ƙarƙashin manaja ɗaya, ko kowane wakili ya ci gaba da riƙe garejinsa da giredarsa. Mutanen nan sun ga kamun, sun karanta sunayen, wasu sun halarci shari'ar. Gundumomi sama da 30 suka zaɓi a bar musu tsohon tsarin.