Labarin Duniya: Ranar Da Samari Huɗu Suka Shiga Ɗakin Ɗaukar Waƙa

Kowa ya saba jin waƙa a radiyo. Amma ba kowa ya san aikin da ake sha ba kafin waƙa ta hau faifai. Labarin wannan wata na waɗansu samari huɗu ne ƴan ƙasar Ingila, da mutumin da ya riƙe hannunsu.

Samarin ƴan birnin Libaful ne. Sunan ƙungiyarsu Beatles. Irin kiɗansu ana ce masa rok: uku suna kaɗa gita mai aiki da lantarki, ɗaya yana ganga. Sun daɗe suna wasa a gidajen rawa na garinsu da na ƙasar Jamus. Ran 1 ga Janairu 1962 wani kamfanin faifai mai suna Decca ya gwada su, daga baya ya ce ba ya so.

Ran 6 ga Yuni 1962 suka sami wata dama a Landan, gidan ɗaukar waƙa na kamfanin EMI. Babbansu shekararsa 21.

Ɗakin ɗaukar waƙa rufe yake, hayaniyar waje ba ta shiga. Makaɗa suna ciki, ma'aikata suna wani ɗaki dabam tare da injin ɗauka. A kansu akwai mai kula da ɗauka. Aikinsa shi ne ya saurara, ya zaɓi waƙa, in ya ji kuskure ya sa a sake. Wanda ke riƙe da wannan aiki ran nan sunansa George Martin.

Tun farko aka sami matsala. Akwatunan ƙara sauti da samarin suka zo da su duk sun tsufa. Ɗaya sai gurnani yake yi, har ma'aikata suka haɗa wani a madadinsa. Aka ɗauki waƙa huɗu. Da aka gama, Martin ya zaunar da su, ya faɗa musu duk abin da bai yi daidai ba. Sa'an nan ya tambaya ko su ma akwai abin da ba su so. Sai ƙaraminsu, George Harrison, ya ce shi ɗaurin wuyan Martin ne bai yi masa ba. Kowa ya fashe da dariya. Daga nan jininsu ya haɗu.

To, amma akwai wanda ranar ba ta yi wa kyau ba, wato mai ganga, Pete Best. A gidan rawa, mutane suna ihu, ba mai lura in ganga ta yi saɓi. Inji kuwa ba ya rufa asiri. Martin ya ce gaba sai a ɗauko wani gwani ya kaɗa ganga a faifan. Sauran samarin da wakilinsu suka yi shawara. Ran 16 ga Agusta aka sallami Best, bayan shekara biyu ana shan wuya tare. Ringo Starr ya maye gurbinsa. Shi ma bai tsira nan da nan ba. Ran 11 ga Satumba ya zo ya iske an ɗauko wani mai ganga, shi aka miƙa masa kacau-kacau.

Sai maganar waƙar da za a fitar. Martin ya kawo musu ta wani mawallafi, ya ce ita za ta ci kasuwa. Suka yi ta, amma suka ce tasu suke so. Martin ya sakar musu. Ran 5 ga Oktoba 1962 waƙarsu "Love Me Do" ta fito, ta kai ta 17 cikin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila. Shi ma Martin bai yi ƙarya ba: waccan waƙa da suka ƙi, wata ƙungiya ta yi ta a 1963, ta zo ta ɗaya.

Suna da wata waƙa tasu, "Please Please Me", wadda suke ja a hankali. Martin ya ce a ƙara mata sauri. Wannan karon su suka bi maganarsa. Aka ɗauke ta ran 26 ga Nuwamba, ita ce ta baza sunansu a ƙasar duka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sun riƙe abinsu, sun kuma karɓi gyara. Martin ya ci gaba da aiki da su har suka rabu a 1970.

Pete Best fa? Ya koma Libaful, ya yi aikin gidan burodi, sa'an nan na gwamnati. A 1995 aka fitar da tsofaffin waƙoƙin Beatles, har da biyu daga na ran 6 ga Yuni, da gangarsa a ciki. Aka biya shi haƙƙinsa, bayan shekara 33. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.