Sabon mai babur a Gaffati: ina zai koyi tuƙi?

Idan ka sayi babur a bana, ko kana shirin saye bayan kaka, wataƙila ka riga ka san wanda zai koya maka: wani yaya ko aboki da zai kai ka fili a bayan gari, ya nuna maka giya da birki, bayan kwana biyu ya ce ka iya. Haka akasarin matasan Gaffati da sauran ƙauyukan gundumar Mirya suka koya. Wannan koyo yana sa babur ya tafi, amma ba ya koya wa mutum yadda zai tsaida shi sa'ad da akuya ta faɗo hanya, ko amalanke ya ɓullo da magariba ba fitila.

Babur ya zama ƙafar talaka. Da shi ake kai kayan lambu kasuwar Dole a Zinder, da shi ake ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, kuma kabu-kabu ya zama sana'ar samari masu yawa. Sai dai rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ka duba shekarun masu kabu-kabu a tashar garinku.

Nijar tana da dokar hanya da aka sabunta a 2014, tana kuma da hukumar kiyaye haɗurran hanya, wato ANISER. Matsalar ita ce nisan da ke tsakanin doka da mai babur na karkara. Makarantun koyon tuƙi a birni suke, galibinsu sun fi maida hankali ga mota, kuma littafin dokokin hanya da Faransanci aka rubuta shi. Mu da muka daɗe a aikin yaƙi da jahilci mun sha ganin saurayi mai kaifin basira, wanda zai kwance inji ya maida shi, amma allon da ke cewa a tsaya bai gaya masa kome ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Tilastawa kuwa, idan ba a haɗa ta da bayani ba, ba ta kai ko'ina. A farkon 2009, da aka wajabta hular kwano a Najeriya, an ga wasu ƴan acaɓa suna kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'an hanya. An yi ta dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. A 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni, bisa dalilin tsaro. A Diffa ma an hana hawan babur a 2015. Waɗannan matakai sun rage babura a kan titi, ba su koya wa kowa tuƙi ba.

To, me za ka yi? Fara da ofishin sufuri na jiha da ke Zinder, inda ake sha'anin lasisin tuƙi. Tambayi rukunin lasisin da ya dace da girman injinka, da sunayen makarantun da hukuma ta amince da su. Idan ka je makarantar, kada ka biya ko dala sai ka ji amsar tambaya uku: suna da babur na koyarwa, ko kuwa a allo kawai za a yi? Ana bayani da Hausa? Awa nawa za ka yi kana tuƙi malami yana kallonka? Wanda ya ce zai samo maka takarda ba tare da jarrabawa ba, takarda ya sayar maka, ba ilimi ba. Kuma ka karɓi rasiɗi.

Ga abin da za ka gane koyarwa ta ƙwarai da shi. Za a sa ka yi ta gwada tsayawar gaggawa da birki biyu tare, domin na gaba shi ne ya fi ƙarfi, ko da yake sababbin direbobi tsoronsa suke ji. Za a nuna maka cewa a cikin rairayi ba a damƙe shi da ƙarfi, in ba haka ba ƙafar gaba ta zame. Za a yi maka lissafin gudu: a kilomita 50 cikin awa, kana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa, kuma idan ka ninka gudunka, tazarar da birki ke bukata takan ninku sau huɗu. Za a gaya maka gaskiya game da tramol, wanda wasu ke sha don jure gajiya alhali yana dushe hankali. Hular kwano kuwa, bincike ya nuna tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100, muddin an ɗaure igiyarta. Na san zafin watan Afrilu, na kuma san abin da ake faɗa a kan hular da wani ya sa. Ka sayi taka, ka tanadi ta fasinja.

Idan kuɗin makaranta da na zirga-zirga zuwa birni sun fi ƙarfinka, akwai wata hanya. Mutum ɗaya ba ya sa malami ya baro Zinder, amma mutum ashirin suna iya. Ku haɗu ta ƙungiyar masu kabu-kabu ko ta ajin karatun manya, ku rubuta sunayenku, ku kai wa hukumar gari da mai girma sarkin yanki, ku roƙi a gayyato malamin tuƙi ko jandarma su yi muku kwana biyu a filin makaranta. Malamin ajinku zai iya zana alamomin hanya a allo ya rubuta ma'anarsu da Hausa. Darasin karatu ne mai kyau, ba ya kuma cin ko sisi. Ku nemi a ƙara da taimakon farko: kada a fizge hula daga kan wanda ya faɗi, kada a ɗaga shi wuyansa yana lilo, kada a ba shi ruwa idan ya suma. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Rubuta ta a bayan takardun baburinka.