SARAUNIYAR KYAU DA JUJIN AKOKAN

'Yan'uwa na rassa duka, daga Maraɗi zuwa Tasawa, daga Tawa zuwa Damagaram, a karanta wannan a taron mako, a kuma karanta wa waɗanda ba su yi boko ba.

Akwai wata gasa a duniya da ake kira Miss Earth, wadda aka fara a ƙasar Filifin a 2001. Kowace ƙasa mai so takan yi tata gasar a gida, ta zaɓi budurwa ɗaya ta aika, har maƙwabciyarmu Nijeriya ma takan aika. Masu gasar sun ce bayan kyan fuska, dole budurwa ta nuna ta damu da muhalli, watau ta shuka itace, ta tsinci leda, ta shiga makarantu ta yi wa yara gargaɗi. Ranar ƙarshe akan naɗa sarauniya huɗu: ta ƙasa, da ta iska, da ta ruwa, da ta wuta. Ba mamaki wata rana wani ya tashi kafa mana irinta a nan Nijar da sunan gyaran ƙasa. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Gara mu san matsayinmu tun yau.

Gasar kyau ba baƙuwarmu ba ce. Kowace shekara a wajen Ingal samarin Fulani Woɗaɓe kan yi ado su jeru, 'yan mata su zaɓi wanda ya fi. Mun kuma san fitinar da irin wannan sha'ani ya taɓa jawowa. A 2000 Yamai da Maraɗi sun hargitse saboda bikin nunin tufafi na Alphadi, a 2002 kuwa mutum fiye da 200 suka halaka a Kaduna saboda gasar Miss World, har aka mai da ita Landan. Ba mu yarda jinin talaka ya sake zuba saboda kwalliya ba. Amma da jama'a za su nuna rabin wannan zafin saboda ruwan da mutanen Arlit suke sha, da an daɗe da jin kukansu.

Shuka itace kuwa, ba sai wata sarauniya ta koya mana ba. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kanmu, ita ce ranar dashen itace. Manoman Maraɗi da Damagaram, da sassaben zamani, sun raya gawo da sauran itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5, ba wanda ya ɗora musu kambi. Saboda haka in za a naɗa sarauniya huɗu a ƙasar nan, mu ne za mu gaya musu inda aikinsu yake. Yana arewa.

Sarauniyar ƙasa ta fara da Akokan. Faransawa sun gano yuraniyom a Azelik a 1957, tun muna ƙarƙashinsu. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fid da ƙarfe a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara a 1978, ya rufe raminsa ranar 31 ga Maris 2021. Ya fid da yuraniyom wajen tan 75,000, ya bar tsibin dusar dutse wajen tan miliyan 20 a fili mai faɗin hekta 120. Kada a ɗauka wannan dusa ƙasa ce kawai. In an tace yuraniyom an tafi da shi, yawancin gubar da ke cikin dutsen a dusar take zama, guba ce wadda ba a ganinta, ba a jin warinta, sai na'ura ke gane ta. Sinadarin radiyom da ke ciki sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Kamfanin ya yi alkawarin rufe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. Kyan alkawari cikawa, amma wa zai duba murfin nan a zamanin tattaɓa-kunnenmu?

Sarauniyar iska ta tsaya a titin garin lokacin da guguwa ta taso. Wannan dusa tana fid da wata iska mai suna radon, wadda likitocin duniya suka tabbatar tana kawo ciwon daji na huhu. A 2003 wata ƙungiyar 'yan Arlit, Aghir in'Man, wadda Almustafa Alhasan ya jagoranta, ta gayyato masana na CRIIRAD daga Faransa. Suka sami ƙarafa masu guba ana sayarwa a kasuwar gari, irin waɗanda talaka kan saya ya yi rufin ɗaki ko kayan aikin gida. A Nuwamba 2009 mutanen Greenpeace suka auna wani wuri a titin Akokan, suka sami gubar ta ninka ta sauran wurare har kusan sau 500. Kamfanin ya ce yana bin ƙa'ida. To, gani ya kori ji. A auna a gaban jama'a, a karanta sakamako da Hausa da Tamajak.

Sarauniyar ruwa ita ce mai doguwar tafiya. Ruwan da Arlit ke sha ya taru ne a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da ake damina sosai a Sahara, wanda aka ɗiba kuwa ba ya dawowa. Rahoton Greenpeace na 2010 ya ce ma'adinan nan sun sha lita miliyan dubu 270 cikin shekara 40, ya kuma ce cikin samfurin ruwa 5 da aka ɗiba, 4 sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a sha. Daga nan ta miƙa arewa maso yamma kilomita wajen 200 zuwa Asamaka, ƙauyen bakin iyaka, inda mahukuntan Aljeriya kan sauke mutanen da suka koro, su tako kilomita 15 cikin rairayi. A 2024 kaɗai ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da 30,000, su da 'yan ƙauyen duka a kan ɗan ruwan da ke akwai. 'Yan'uwanmu na Kance ba su manta da Oktoba 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Talauci ya koro su daga kudu, suka ratsa garin da ya fi kowane gari fid da dukiya a ƙasar nan, suka wuce hannu wofi.

Sarauniyar wuta kuwa ta yi lissafi. Kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga nukiliya yake, ƙarfenmu ya shekara hamsin yana cikin abin da ke hura shi. Nan gida da ƙyar mutum ɗaya cikin biyar yake da lantarki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ga dalilin da ya sa muke tsoron gasar da za ta tsaya ga leda. A tara mata a ce su ne masu ƙazantar gari, a ba su tsintsiya, a ɗauki hoto, mai jujin tan miliyan 20 kuwa yana zaune a kujerar manyan baƙi domin shi ya biya kuɗin biki. An bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Har wa yau kada mu yaudari kanmu. Kamfanin ya sauya suna daga COGEMA zuwa Areva, daga Areva zuwa Orano, amma tun farko gwamnatin Nijar tana da hannun jari a ramukan biyu. A Yuni 2025 gwamnati ta karɓe SOMAÏR ya zama na ƙasa. Madalla. Amma wanda ya gaji gona ya gaji ƙayarta. Waɗanda suka ci riba shekara hamsin lalle su biya kuɗin gyara, namu mahukunta kuma ba su da sauran uzurin ɓoye awo, gama ƙurar da baƙo ya tayar da wadda ɗan gida ya tayar, huhu ɗaya suke shiga.

Saboda haka ga abin da muke nema daga kowane reshe. Na ɗaya, sakatare ya rubuta sunayen tsofaffin ma'aikatan Arlit da Akokan da suka dawo garinsu, da shekarun da suka yi, da ciwon da ke damunsu, ya aiko hedkwata. Na biyu, a yi magana da maƙera da 'yan gwangwan, cikin ladabi, su riƙa tambayar asalin ƙarfen da ya fito arewa. Na uku, reshen mata ya riƙe wannan magana a hannunsa, domin su ne masu ɗiban ruwa, su ne masu jinya.

Duk wanda ya zo da gasar sarauniyar muhalli kuma, a ba shi sharuɗɗa uku: kada ya karɓi ko dala daga kamfanin ma'adini, a yi naɗin a Akokan, wadda aka naɗa ta karanta awon ruwan Arlit a gidan rediyo. In ya yarda, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, za mu tafa masa. In ya ƙi, ya naɗa abarsa a otal ɗin Yamai, mu kuwa mu ci gaba da rubuta sunaye.

Allah ya taimaki talakawa.