Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo



A watan Disamba na 2022, ƙasashen duniya, ciki har da Najeriya, sun amince a birnin Montreal na Kanada cewa kafin 2030 za a killace kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa domin kare itatuwa da namun daji da sauran halittu. Yarjejeniyar ta ce dole a sa 'yan asalin wuri da al'ummomin karkara cikin yanke hukunci. A taron Cali na ƙasar Kolombiya a 2024 ma har kwamiti na dindindin aka kafa musu.

To, muna tambaya: wa ya zo Kwali ya ji ta bakinmu? Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya tana nan cikin Abuja, tafiyar da ba ta kai zuwa Kaduna ba. Amma manomin Dafa, da makiyayin Yangoji, da matar Kilankwa mai tsintar kaɗanya da kalwa, sai dai su ji a rediyo an yi taro da sunansu.

Su wa suka raya dajin nan? Gbagyi da sauran 'yan ƙasa, da Hausawa da Fulanin da suka zauna tare da su, su ne ke barin ɗorawa da kaɗanya tsaye a tsakiyar gona in ana sharar daji. Kuma su ne ke kallon buhunan gawayi jere a bakin hanyar Abuja zuwa Lokoja, sun san kiryar wane daji aka sare, sun san garin da ake kai wa.

Abin tsoron shi ne maganar ƙasa. Dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya ta miƙa dukkan filayensa ga gwamnatin tarayya. Ranar da aka zo shata kashi 30 ɗin nan, wanda ba shi da takarda shi zai fara tashi. Haka aka yi wa Masai a Loliondo ta Tanzaniya a 2022, aka raba su da makiyayarsu da sunan kare namun daji. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wasu za su ce talaka bai san kimiyya ba. Mun ji. A kawo masana, ga cibiyar kimiyya nan a Sheda. Amma su zauna tabarma ɗaya da maharba da masu maganin gargajiya, a yi maganar da Hausa da Gbagyi.

Muna kira ga majalisar yankin Kwali da fadar Etsu Kwali su nemi kujera a rubuce duk inda ake tsara wannan lamari, kuma kada a shata ko taku ɗaya sai an tara jama'a. Kowane reshe ya kawo sunayen dazuka da burtalai da mashayar dabbobi na yankinsa a zamanmu mai zuwa.

Allah ya sa mu dace.

Sakatare